Muryar Malam a Na'urar Haya

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifinmu da hantsi, yana zaune a zaure yana biya wa manyan ɗalibansa karatu. Ni ina wurin aiki. Kafin in iso gidanmu a Unguwar Shanu har an wuce da shi asibiti, sai Inna kawai na tarar tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Ya rayu, alhamdulillahi. Amma ya dawo mana ba hannun dama, ba ƙafar dama, ba magana. Hankalinsa ras yake. Yana jin komai, yana gane kowa, in ka faɗi shirme a gabansa zai yi maka hararar nan tasa da muka taso muna tsoro. Harshen ne ya yi nauyi. Idan ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito, yawu ya biyo baya, shi kuma ya runtse ido don kunya. Ba a daɗe ba ya daina gwadawa gaba ɗaya.

Malam muke ce masa duk gidan, har da Inna. Bakinsa ne gonarsa: karatun zaure da safe, tafsiri da azumi a masallacin bakin layinmu, ɗaurin aure, sasanta maƙwabta. Masu zuwa dubiya duk magana ɗaya suke yi, wai unguwa ta yi babban rashi, wa zai hau kujerar tafsiri bana. Gaskiya suke faɗa, amma wallahi haushinsu nake ji. Ba wanda ya taɓa juyawa ya dubi matar da ke kawo musu ruwa.

Malam ɗin waje daban ne da na cikin gida. A waje in ya ɗaga murya har bakin titi ana jinsa. A gida kuwa ƙasa-ƙasa yake magana, kullum kamar akwai dariyar da yake dannewa. Shi Bakano ne, Inna Bazazzagiya, kuma tun kafin a haife mu suke wasan nan na Kanawa da Zagezagi, ba su gaji ba. Bayan la'asar zai zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, tana yankan kuɓewa ko tsintar wake, su yi ta hira kan abin da bai taka kara ya karya ba. Tsadar tumatir, akuyar maƙwabta, wanda ya fi wani rowa tsakanin mutanensa da mutanenta. Mu 'ya'ya da sun fara sai mu sulale, don ba a zama ana kallon iyaye suna tsokanar juna.

Wata rana ina taya ta wanke kayan shimfiɗarsa, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ni ba tafsiri nake nema ba. Ya sake yi min magana kawai, ko sau ɗaya. Ko faɗa ne ma, na yarda."

Ina aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnati. Kada sunan ya ruɗe ku. Rabin aikina zaro takardar da ta maƙale a firinta ne, sauran rabin kuma tuna wa oga lambar sirrin da ya manta. Amma nakan yi karance-karance, kuma na san zamani ya kai inda za a iya koya wa kwamfuta muryar mutum. Ka tara mata maganganunsa da aka naɗa, ta yi ta saurare tana maimaitawa har ta kama, daga nan duk abin da aka rubuta mata sai ta faɗa da muryarsa. Na yi tunanin in sa wa Malam manyan maɓallai a fuskar waya, kowane maɓalli da jimlarsa. In ya danna da hannun da ya rage masa, muryarsa ta fito.

Shi na fara tambaya, don ba zan taɓa muryar Malam ba da izininsa ba. Na durƙusa gaban gadonsa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sai ya juya ido ya dubi Inna da ke tsaye bakin ƙofa, sannan ya gyaɗa min kai.

Maganar inda za a samo muryar ba ta ba ni wahala ba. Akwai wani babban ɗalibinsa, Alhaji mai shagon wayoyi a Babbar Kasuwa, wanda bai taɓa fashin tafsirin Malam ba. Tun zamanin kaset yake ajiye rikodarsa a gindin lasifikar masallaci, da waya ta zo ya koma ajiye waya. Na same shi a shago ana ta hayaniyar ciniki.

"'Yar Malam, kina nufin zai riƙa magana kamar da?"

"Na'ura ce za ta yi maganar, Alhaji, amma da muryarsa."

"Ikon Allah! To ai kaya na nan jibge." Ya sunkuya ya zaro gwangwanin alewa cike da 'yan katunan memori. Tsofaffin kaset ɗin ma ya riga ya sa an juye su. Na rungumo gwangwanin a cikin keke har gida, ina jin kamar an gama komai.

Ashe ko farawa ba a yi ba. Kwamfutata ta hannu na fara ɗora wa aikin. Ta ɗau zafi kamar dutsen guga, fankarta na ihu, ta yini cur ba ta yi abin da za a nuna ba. Irin wannan aiki wata na'ura ta musamman yake buƙata, wadda ake ce wa GPU. Asali don zanen hotuna da wasannin kwamfuta aka ƙera ta, sai aka gano ta fi kowace saurin irin wannan lissafi. Sayenta kuwa, ga mai albashi irin nawa, sai dai a labari. Abin da ake yi shi ne haya. Akwai kamfanoni a ƙasashen waje da suka cika manyan gine-gine da waɗannan na'urori, 'yan harkar suna kiran wurin gajimare. Ka shiga ta intanet, ka kama guda ɗaya, ka tura mata aikinka, tana yi ana lissafa maka kuɗi da awa, kuma da dala.

Na yi ƙoƙarin fahimtar da Inna.

"Ina na'urar take?" ta tambaye ni.

"A wata ƙasa, Inna."

"Wa zai kawo ta?"

"Ba a kawowa. Tana can, ni ina nan."

"Kin ganta?"

"A'a."

Ta ce, "Mu dai hayar da muka sani ta kujerun biki ce, a sauke maka a ƙofar gida ka zauna a kai. Amma tun da Malam ya yarda, Allah ya taimaka."

Katin bankina na naira aka fara ƙi. Na gwada, na sake gwadawa, na je banki na yi layi, wata yarinya mai jan farce ta ce min in yi haƙuri, ba daga wurinsu ba ne. Daga wurin wa ne to, daga wurina? Ƙarshe Alhaji ne ya ba ni aron katinsa na dala da yake sayo kaya da shi, ina tura masa naira yana biya. Ba mu yi nisa ba kamfanin ya rufe min shafi. Wai sun ga sunan mai kati daban, sunan mai haya daban, kuma daga Najeriya ake shiga. Da ladabi suka rubuto, amma abin da suke nufi a fili yake, ɓarauniya suka ɗauke ni. Sai da na ja Alhaji, dattijo mai furfura, ya tsaya a tsakiyar shagonsa riƙe da katin shaidarsa kusa da kunne na ɗauke shi hoto, yaran shago na ƙunshe dariya, sannan kamfanin ya buɗe min shafin. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na tsine wa kamfanin nan a zuciyata har na gaji.

Gidanmu wuta sai ta ga dama, don haka duk Asabar da Lahadi Kinkinau nake tafiya, gidan yayata, ita ke da sola. A kan teburin cin abincinta na yi aikin da ya fi cin rai, wato gyaran muryar kafin a tura. Na'ura ba a zuba mata tafsiri haka nan dunƙule. Sai an yanka shi jimla-jimla, an rubuta abin da kowace jimla ta ce. Na cire duk inda alaramma ke jan baƙi. Na cire duk inda Malam da kansa ya karanto aya, don na rantse ba zan koya wa na'urar da ban san wa ya hau ta jiya ba, ban san wa zai hau ta gobe ba, yadda za ta kwaikwayi karatun Alƙur'ani. Na cire tarin jama'a, kukan yara, hon ɗin 'yan acaɓa, da "Allah ya gafarta Malam" ɗin masu tambaya. Watanni na yi a haka. In yini mahaifina na magana a cikin kunnuwana, da yamma in koma gida in same shi kwance shiru yana kallon bango.

Hayar iri biyu ce. Akwai mai tsada, wadda in ka kama taka ce har ka sauka. Akwai mai araha, wadda ake ba ka da sharaɗin duk lokacin da wani ya zo da kuɗin da ya fi naka za a karɓe. Kamar ka shiga keken haya ne, ana tsakiyar tafiya wani ya tsayar ya ce shata yake so, direba ya ce maka sauka. Na san sharaɗin, na karanta shi da idona, amma aljihuna ita kaɗai yake iya ɗauka.

Karon farko da aka sauke ni, wata Asabar ce da rana. Tun safe aikin ke tafiya lafiya, ina kallon allon kamar mai jiran tuwo ya nuna. Na tashi na yi azahar, na dawo na tarar da saƙo: an karɓe na'urar, suna ba da haƙuri. Duk abin da ta koya tun safe ya tafi. Na buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"Lafiya?" in ji Yaya daga kicin.

"Wani ƙaton mai dala ya yi gyaran murya a can ƙasarsu, an ture 'yar Unguwar Shanu gefe!"

"To sai ki fasa min tebur?"

Daga baya na koyi sa ta riƙa ajiye abin da ta koya lokaci zuwa lokaci, yadda in an sauke ni ba zan koma farko ba. Duk da haka kowace sauka da asararta. Wani lokaci in yini ina neman wadda ba kowa a kai, babu. Wani lokaci in samu, sai intanet ya tsinke a Kinkinau, na'urar na can zaune ba ta aikin komai, ana kuma lissafa min, ni ina nan ina ɗaga waya sama ina zagaye tsakar gida kamar mahaukaciya. Albashina ya zama ba ya ganin tsakiyar wata. Yaya ta ce min, "Ke fa kin fara kama da 'yan caca. Kullum saura ƙiris." Na ce mata ta bar ni in ji da abin da ke damuna. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ta faɗa.

A gida kuma Malam sai ƙara lalacewa yake. Ya rame, abincin ma sai da lallashi. Inna ba ta taɓa ce min "yaushe" ba. Idan na shigo da yamma sai ta karɓi jakata ta ce, "Na'urar taku tana nan lafiya?" In ce lafiya lau, Inna, an kusa. Ta ce madalla. Na fi son ta zage ni a kan wannan madallar.

Da na ga jikinsa ba ya jiran kowa, sai na rufe ido na kama mai tsadar. Na ce ko me zai faru ya faru. Ba wanda ya sauke ni, intanet ma ya yi mutunci, aikin da na yi watanni ina jan ƙafa da shi ya ƙare a ɗan lokacin da ya ba ni haushi. Ashe haka masu kuɗi suke rayuwa.

Na kira Yaya ta zo ta tsaya a bayana. Na rasa me zan rubuta, sai na rubuta irin abin da na saba ji: "Jama'a, ku ji tsoron Allah a kan haƙƙin maƙwabci." Na danna.

Innalillahi. Shi ne. Shi ne sak, har yadda yake jan "jama'a", har ɗan numfashin da yake ja kafin ya ce "haƙƙi". Yaya ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da gyale tana kuka. Ni ma kukan nake, ina dariya, ina cewa kin gani ko, kin gani ko, ke da kika ce caca ce.

Na shirya maɓallan da ɗoki. Ruwa. A gyara min kwanciya. Lokacin salla ya yi? Na gode. Sai guda ɗaya da na yi domin Inna kaɗai. Na saurare su duka kafin in kai gida, kuma kunnena bai ji wani aibu ba. Watanni ina jin Malam ɗin masallaci safe da yamma, kunnen ya riga ya manta akwai wani Malam ɗin.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka kai masa, ni da Yaya. Na haɗa wayar da wata 'yar lasifika don kowa ya ji. Inna ta yi wanka, ta sa atamfar da take zuwa biki da ita, ta zauna a bakin gado. Muka tayar da Malam muka jingina shi da filo, na ɗora masa wayar a cinya. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu. Mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa abu da hagu ba, bai taɓa karɓa da shi ba. Can dai ya ɗaga yatsa ya danna na farko.

"A ba ni ruwa!"

Ɗakin ya amsa. Ba roƙon mara lafiya ba ne ya fito, hukunci ne ake yanke wa jama'a daga kan kujerar tafsiri. An ja kalmomin, an ɗaga su sama, ga amon masallaci a bayansu, har da ɗan zuuu ɗin nan na tsohuwar lasifikar bakin layi. Duk azumi Inna daga tsakar gida take sauraren tafsiri, kuma da ta ji an fara takan ajiye abin da ke hannunta ta rufe kai. Ina kallonta, ba ta ma san ta yi ba, ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta sunkuyar da ido.

Na dubi Yaya. Yaya ta yi saurin cewa, "Malam, ga na Inna nan, danna wannan." Bai danna ba, sai ta miƙa hannu ta danna masa.

"Bazazzagiya, sannu da aiki!"

Kai, da ma ba ta danna ba. Kalmar da yake faɗa ƙasa-ƙasa yana danne dariya, ita ce ta fito kamar ana gargaɗin masu tauye mudu. Ba mu gama jin wannan ba sai ga maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko sallama babu, hannunta duk kumfar wanki, tana cewa, "Malam ya tashi? Allahu akbar, Malam ya tashi?" Ta tsaya turus a bakin ƙofa da ta gan shi jingine, baki a karkace, da waya a cinya.

Malam ya sa hannun hagun ya ture wayar har ta faɗi kan tabarma. Ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa ganin mahaifina ya wulaƙanta kamar ranar ba, kuma ni na kawo abin har gadonsa.

Inna ta tashi ta fita. Na bi ta kicin na same ta tsaye tana kallon tukunyar da ba komai a ciki.

"Inna, za a gyara. Ƙarar ce ta yi yawa."

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. "Allah ya yi miki albarka. Amma wannan Malam ɗin jama'a ne. Nawa ba haka yake magana ba."

Na rage ƙarar. Abin da aka samu shi ne mai wa'azi yana wa'azi daga nesa. Na sake kama haya, na tace amon masallacin daga cikin muryar na sake koya mata, sai ta fito kamar mai mura yana wa'azi a cikin rijiya. Na shiga dandalin da masu irin wannan aiki ke taruwa a intanet na ba da labari. Wani bawan Allah daga can wata ƙasa ya ba ni amsa da fara'a, wai ai abu ne mai sauƙi, na'ura abin da aka ciyar da ita shi take fitarwa, in nemo inda mahaifina ke hira a gida in ƙara mata. Bidiyon cin abincin iyali, ko saƙonnin muryar da yake tura wa matarsa.

Na yi tsaki har na ƙware. Saƙon murya? Malam da 'yar wayarsa mai tocila, wanda in ya kira ka bai wuce "kuna lafiya, to madalla" ya kashe? Wa zai ɗaga waya ya saita mahaifinsa yana hira da mahaifiyarsa? A gidan wa? Duk garin nan an naɗi Malam, a aljihun ɗalibai, a shaguna, a motocin haya. Amma duk daga gindin lasifika aka naɗe shi. Muryar da Inna ke nema, mu da muka fi kowa kusa da ita, tashi muke mu ba ta wuri.

Na bi dangi gida-gida duk da haka. Na sa ƙannen Inna da 'ya'yan 'yan uwa suka zazzage tsofaffin wayoyinsu. Abin da ake samu ɗaya ne, Malam na addu'a a ɗaurin aure, Malam na nasiha a walima. Ko'ina da jama'a a gabansa.

Ana cikin haka Alhaji ya zo dubiya, ya ja ni gefe a zaure. Labari ya riga ya kai masa.

"'Yar Malam, ai aikin bai ɓaci ba. Tun da muryar tafsiri ce ta fito, a kawo ta masallaci mana. A riƙa rubuta nasiha tana karantawa, jama'a su amfana."

Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma mutumin nan ya yi min abin da ba zan manta ba. Amma kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Alhaji, yana kwance a ciki da ransa fa. A sa masa magana a baki, yana ji ta kan katanga?" Ya ce a tambayi Malam. Muka shiga, ya durƙusa ya maimaita. Malam ya ɗaga yatsan hagu ya kaɗa shi a hankali, hagu da dama, har sai da Alhaji ya ce, "Na ji, Allah ya gafarta Malam, na ji."

Washegari na shiga shafin kamfanin na goge komai, muryar da duk abin da na tura. Suka aiko min da saƙon godiya, suna fatan na ji daɗin hulɗa da su.

An ɗan kwana biyu, Yaya ta kira ni ina ofis, ta ce in zo Kinkinau in na tashi. Tana share tsohuwar wayarta ta ci karo da bidiyon sunan ɗanta na fari. A gidanmu ta yi wankan jego, don haka a tsakar gidanmu aka ɗauka. Wata ƙawarta ce ta riƙe wayar, tukwane take ɗauka da mata masu daka. Ba a ganin Malam ko kaɗan. Amma akwai inda sakwara ta tsaya, masu daka suna sauya hannu, sai aka ji shi daga can gefe, ƙasa-ƙasa, da dariyar nan a maƙale:

"Wai ina aka kai min takalmina ne?"

Shi ke nan. Taɓarya ta sake sauka ta rufe amsar da aka ba shi. Muka yi ta maimaitawa ni da Yaya. Wannan shi ne babanmu.

Ba zan ɓoye ba, na sake kama haya saboda wannan 'yar jimlar. Na san ba za ta isa ba, amma na gwada. Na'urar ta karɓa, ta yi lissafinta, ta ba ni muryar wani baƙon mutum da ban taɓa ji ba a duniya, mai laushi, mai ladabi, ba ɗan gidan kowa ba. Ban ko kai wa Inna ba. Daga ranar ban sake hayar komai ba, kuma ba na jin akwai abin da ya rage a gwada.

Jimlar dai na yanko na sa mata a wayarta, na nuna mata inda za ta danna. Na ɗauka za ta saurara sau ɗaya ko biyu a ɗakinta ta ajiye.

Har yau Malam na kwance, jiki kullum ƙara ja baya yake, likita ma ya daina yi mana dogon bayani. Bayan la'asar Inna takan ɗauko farantin wakenta ta zauna a bakin gadonsa, ta ajiye wayar kusa da filo. Ranar da na fara gani, na shigo da kofin kunu ne. Ta danna, Malam ya tambayi takalminsa. Ba ta ɗago daga tsintar waken ba ta ce, "Yana bayan ƙofa, Malam."

Na dubi bayan ƙofar. Yana nan kuwa, an goge shi tas. Malam ya runtse ido, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi. Na ajiye kunun na fita, don ba zan iya ba, har yau kuma ba na iya zama a ɗakin a wannan lokacin. Ina daga tsakar gida na ji ta sake dannawa, ya sake tambaya.